Noman oganik da noman takin kamfani: a ina ribar take ɓuya?

Da bazarar bara na je gida na tarar da kawuna a bakin gonarsa ta tudu yana ƙirga amalanken taki da tsakuwa. Duk amalanken da aka juye sai ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya jefa a aljihu, don kada lissafi ya ruɗe tsakaninsa da mai shanu idan an zo biya. Bayan mun gaisa ya ce, "Kai da ka yi boko, zo ka fitar da ni daga duhu. Wasu yara sun zo daga birni suna ta wa'azin wani noma wai shi oganik, ba takin kamfani ba feshi, wai a Turai kuɗinsa ya fi na kowane amfani. To ba shi ne noman da muka taras iyayenmu na yi ba? Me ya hana su yin kuɗi da shi?"

Na ce, "Kawu, wannan tambaya taku ta fi ƙarfin tsayuwa a rana." Muka koma gindin gawo. Abin da ke tafe shi ne amsar da na yi ƙoƙarin ba shi, haɗe da abin da na ƙara dubawa bayan na dawo.

A Amurka da Tarayyar Turai, oganik doka ce a rubuce. Mai wannan noma ba ya zuba yuriya ko kamfa ko sufa, ba ya fesa maganin ƙwari ko na ciyawa da aka haɗa a masana'anta, ba ya shuka irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Dogaronsa kashin dabbobi ne, da takin da aka tara aka ruɓar, da juya shuka, bana masara baɗi wake ko gyaɗa, da magungunan tsirrai irin ruwan dalbejiya. Har nan Kawu yana da gaskiya, kakanninmu sun san duk wannan. Sharaɗi na ƙarshe ne bai zo a zamaninsu ba, wato shaida. Sai wani kamfanin bincike da masu saye suka amince da shi ya turo jami'insa ya taka gonar, ya duba littafin da manomi ke rubuta duk abin da ya zuba mata, ya leƙa rumbu, sannan ya ba da takarda. In babu takardar nan, ko da gonarka ba ta taɓa ganin ƙwayar yuriya ba tun zamanin Shehu, a kasuwar duniya amfaninka amfani ne kamar na kowa.

A kuma fitar da mutum ɗaya daga cikin wannan magana tun da wuri. Manomin da bai sa takin kamfani ba don ba shi da kuɗi, bai sa na gida ba don ba shi da ko akuya, ba oganik yake yi ba. Tatsar gona yake yi, kuma nonon raguwa yake kowace shekara.

Lissafin riba daga yawan abin da aka kwasa yake farawa, kuma a nan masana ba su da doguwar jayayya. A 2012 Verena Seufert da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwaje daga sassan duniya suka buga sakamakon a mujallar Nature: a matsakaici, gonar oganik tana gazawa da kusan kashi 25 cikin 100 idan aka gwada ta da ta takin kamfani. Wani bincike daga jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a ƙarshen 2014, ya ce giɓin kusan kashi 19 ne, kuma inda ake juya shuka ko ake haɗa iri biyu a gona ɗaya yakan sauko zuwa kashi 8 ko 9. A Suwizalan akwai gwajin da aka fara tun 1978 kusa da birnin Basel, ana noma filaye kafaɗa da kafaɗa. Bayan shekara 21 suka ce amfanin oganik ya gaza da kashi 20, amma taki da makamashin da aka kashe masa sun ragu da kashi 34 zuwa 53.

Matsakaici kuwa ba shi da wani amfani ga mai gona ɗaya. Abin da zai amfane shi shi ne sanin yadda giɓin ya rarrabu. A binciken na 2012, 'ya'yan itatuwa kusan ba bambanci, kashi 3 ne. Dangin masu ba da mai, irin su waken suya, kashi 11. Hatsi kashi 26, kayan lambu 33. Sirrin yana wajen sinadarin naitirojin, wanda shi ke sa ganye ya yi duhu, zangarniya ta cika. Tuge gindin gyaɗa ka duba saiwarta, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu ne wasu ƙananan halittu ke janyo mata naitirojin daga iska. Haka wake, haka waken suya. Masara da shinkafa da alkama ba su da wannan baiwa, sai abin da aka ba su, kuma masara makwaɗaiciya ce, a makonnin da take shirin fitar da goyo take son abincinta gaba ɗaya.

Ga inda lissafi ke yi wa mai takin gida tsauri. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Busasshen kashin shanu irin na garkenmu, wanda ya sha rana da iska, da ƙyar yake kai kashi 1 cikin 100. Wato kafin ka sami abin da ke cikin buhu ɗaya da yaro zai ɗauko a bayan babur, sai ka kwaso taki fiye da tan 2. Malaman gona kan ba da shawarar kilo 100 zuwa 120 na naitirojin ga hekta ɗaya ta masara a yankin Zariya da Funtuwa da makamantansu. Tan 10 zuwa 12 ke nan, kuma ba duka zai narke a daminar farko ba, wani sai baɗi, wani sai baɗin baɗaɗa. Wannan jinkirin alheri ne ga mai gonar kansa, domin yana ajiya ne a ƙasarsa. Ga mai haya kuwa asara ce tsantsa. Wanda ya karɓi gona ta shekara ɗaya ya loda mata takin gida, mai gona ya yi wa kyauta, kuma mun sha ganin mai gona ya karɓe abarsa da zarar ya ga ta farfaɗo.

Takin ma a ina za a samo shi? Da can Fulani kan sauka a gona da rani, shanu su ci kara su bar kashi, a rabu kowa na godiya. Yau kara da harawa kansu haja ne, ga rashin yarda da rashin tsaro sun shiga tsakani a wurare da yawa. Kashin kaji ya zama abin saye buhu-buhu, farashinsa kuma bin na yuriya yake yi, in wancan ya tashi shi ma ya tashi. Dokar Turai ma ba ta yarda da takin da ya fito daga manyan gidajen kiwo na masana'anta ba. Takin bola da muke kwasowa daga birni, da ledarsa da tsofaffin batura, ba mai binciken da zai gan shi ya sa hannu.

Sai ciyawa. Wanda ya bar maganin ciyawa ya faɗa hannun 'yan ƙodago. Mutum ɗaya da injin feshi a bayansa yakan gama hekta a yini, alhali noman fari da maimai da fartanya sai an tara mutane, a daidai lokacin da kowa ke neman masu aiki, samari kuma rabinsu suna birni suna acaɓa. Gidan da har yanzu ake gandu ba ya jin wannan kuɗi a aljihu, amma gumin 'ya'ya ba kyauta ba ne, kuma duk lissafin da bai sa shi ba, lissafin yaudarar kai ne.

To in amfani ya ragu, ƙodago ya ƙaru, ta ina ake cewa oganik ya fi riba? Ana cewa, kuma ba ƙarya ake yi ba. A 2015 wasu malamai biyu na jami'ar jihar Washington a Amurka, David Crowder da John Reganold, suka haɗa bincike 44 da suka shafi amfanin gona iri 55 a ƙasashe 14. Suka tarar kuɗin ƙodago a noman oganik ya fi da kashi 7 zuwa 13, amma jimillar abin da aka kashe kusan ɗaya ne, domin abin da ƙodago ya ci an tsira da shi a wajen taki da magani. Da suka yi lissafi da farashin da masu oganik ke sayarwa, wanda ya ɗara na sauran da kashi 29 zuwa 32, sai ribarsu ta fi da kashi 22 zuwa 35. Wannan adadin shi masu tallar oganik ke ɗauka su yi ta yawo da shi. Abin da ke biye da shi ba su cika faɗa ba: da aka cire ƙarin farashin nan, aka sayar da komai kuɗi ɗaya, ribar oganik ta koma ƙasa da ta noman takin kamfani da kashi 23 zuwa 27. A yi musu adalci dai, binciken ya ce ƙarin kashi 5 zuwa 7 kacal ya isa a yi kunnen doki. Amma ko wannan kaɗan ɗin sai da mai biyansa.

Ga yadda na kwatanta wa Kawu a ƙasa da tsinke, da buhu maimakon naira, tunda naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman. Gona biyu, kowace hekta ɗaya, duk masara. Ta farko ta ba da buhu 30. Taki da magani da iri suka ci kuɗin buhu 10, huɗa da ƙodago da girbi suka ci 6, saura 14. Ta biyu ta gaza da kashi 20, ta ba da 24. Takin gida da dakonsa da iri suka ci 6, ƙodago ya ci 8, saura 10. Idan kasuwa ɗaya za su, mai oganik yana bayan maƙwabcinsa da buhu 4. Idan kuwa akwai mai saye da zai ƙara kashi 30, buhunsa 24 sun zama tamkar 31, ya cire 14 da ya kashe, saura 17, ya biya kuɗin takarda, har yanzu shi ne a gaba. Gona ɗaya ce, damina ɗaya ce, mai saye ne kawai ya bambanta.

Shi ne na ce, "Kawu, a kasuwarmu ta nan, ko Dawanau, ko Giwa, an taɓa tambayar ku da wane taki kuka noma masara?" Ya yi dariya. Ya ce dillali soka buhu yake yi da ƙarfe, ya zuba a tafin hannu, ya duba girman ƙwaya da haskenta, ya ciza ɗaya ya ji ko ta bushe, shi ke nan. Masu kamfanin abincin kaji su ma danshi da tsakuwa suke aunawa. Matar da ta zo da kuɗin tiya ɗaya arha take nema. Akwai 'yan tsirarun masu hali a Abuja da Legas da ke neman latas da tumatir marasa feshi, kuma mai lambun da ke kusa da su, in ya sami amincewarsu, zai ci moriya. Amma ba su kai yawan da za su ɗauke masarar ƙauye ɗaya ba.

Kasuwar gaske tana waje. A 2022 cinikin kayan oganik a duniya ya kai kusan yuro biliyan 135, Amurka ce kan gaba, Jamus na biye, alhali filin da ake nomansu bai wuce kashi 2 cikin 100 na filayen noma ba. A wannan shekarar ma, da tsadar rayuwa ta matsa, cinikin ya ja baya a Jamus da Faransa. Ashe Bature shi ma in aljihunsa ya ji jiki, mai arha yake kai wa hannu.

Takardar da ke buɗe wannan kasuwa ba arha take ba, kuma kowace shekara ake sabunta ta. Kamfanoni irin su Ecocert na Faransa da Control Union na Holan ne ke wannan aiki, ladansu da kuɗin waje. Mai hekta 2 ba zai iya shi kaɗai ba, shi ya sa a Afirka a ƙungiyance ake yi, ɗaruruwan manoma a ƙarƙashin takarda ɗaya, da masu sa ido daga cikinsu. Sau da yawa kamfanin da ke fitar da kayan shi ke biya, saboda haka takardar tana hannunsa. Wannan batu ne da ya kamata duk shugaban ƙungiyar manoma ya tsaya a kansa, domin wanda ya riƙe takarda shi ke yanka farashi, kuma in ya ƙi zuwa saye da kaka, kayan sun koma na kowa, wahalar shekara ta tafi a banza. Sannan wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mutum ɗaya in ya saci jiki ya yi feshi da asuba, ko maƙwabci ya fesa tasa iska ta kwaso, ko aka zuba kaya a buhun da ya taɓa ɗaukar magani, ɗakin gwaji a Turai zai gano, kayan kowa su rasa sunan oganik.

Ga kuma shekarun jira. A dokar Amurka sai gona ta yi shekara 3 ba a sa mata abin da aka hana ba. A ta Turai shekara 2 ce ga shukar damina ɗaya, 3 ga itatuwa. A wannan tsakanin amfani ya riga ya ragu, ƙarin farashi bai iso ba. A Turai hukuma na ba manomi tallafi ya haye wannan kwari. A nan sai dai ya sayar da ɗan rago.

Duk da haka akwai amfanin da lissafin ke fita sarai a kansa. Riɗi, zoborodo, kashu, kaɗanya. Dukkansu dama waje ake kai su, kilonsu yana da daraja, kuma ba su da kwaɗayin taki irin na masara. Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin, zoborodonmu Meziko ce babbar mai sayensa. Mai riɗin da dama ɗan taki kaɗan yake sa wa gonarsa ba zai rasa abu mai yawa ba in ya daina. Kaɗanya ma a daji mata ke tsinto ta, ba mai fesa ta, abin da ya rage tsabta ce da tsari da takarda. Yuganda da Tanzaniya da Habasha, waɗanda ke sahun gaba a Afirka wajen yawan manoma masu takardar oganik, da kofi da auduga da riɗi da koko suka kai wurin. Ba da abincin da ake ci a gida ba.

Inda mai oganik ke shiga tsaka mai wuya shi ne ranar annoba. Tsutsar da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, wadda manoma suka sa wa suna sharon, da tsutsar masara da ta shigo a wannan shekarar, ko masu feshi sun sha wuya a hannunsu. Mai takarda kuwa zaɓinsa biyu: ya tsaya a kan ruwan dalbejiya da 'yan magungunan da doka ta yarda, ko ya fesa ya koma farkon shekarun jira. Irin waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, da cibiyar binciken noma ta Zariya ta fitar a 2019, shi ma haramun ne a gare shi, tunda an sauya masa ƙwayoyin halitta.

Kada mai takin kamfani ya ɗauka an wanke shi. Ribarsa rataye take da farashin da ba shi da iko a kansa. Yuriya da iskar gas ake yin ta, kamfa kuma sai an shigo da wasu kayan haɗinta daga Maroko da Rasha da makamantansu. A 2017, a ƙarƙashin shirin taki na fadar shugaban ƙasa, an ƙayyade buhun kamfa, wato NPK, a kan naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, da cire tallafin mai da sakin naira a 2023, suka ninka kuɗin taki sau da yawa, duk da ga masana'antar Dangote a Legas da ta Indorama kusa da Fatakwal suna yin yuriya a cikin gida. A shekarar da taki ya yi tsada da bazara, hatsi kuma ya faɗi da kaka, wanda ya ci bashi ya zuba buhu 8 shi ke kwana ido biyu. Mai takin gida ribarsa kaɗan ce, amma ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga littafi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda ragowar maganin nan da muka fi sani da fiya-fiya, wanda aka samu ya zarce abin da dokarsu ta yarda nesa ba kusa ba. Akasari a wajen ajiya ake zuba shi, abin da buhun PICS mai leda biyu a ciki ke magancewa ba tare da ko ɗigon magani ba, domin rashin iska ke kashe ƙwarin. Kowa kuma ya san yaron da ake goya wa injin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, ya dawo da jiri, a ce a ba shi madara ya sha. Kuɗin asibitinsa bayan shekaru ba a sa shi a lissafin gona. Ita ma ƙasar da aka yi shekaru ana ɗura mata yuriya zalla takan yi tsami ta yi tauri, a wayi gari buhu 4 ba sa yin abin da 2 ke yi a da.

Wanda ke son ganin abin da ke faruwa in aka yi gaggawa, ya dubi Siri Lanka. A watan Afrilun 2021 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin kamfani da magungunan feshi dare ɗaya, ya ce ƙasar baki ɗaya ta koma oganik. Ƙarancin kuɗin waje na cikin abin da ya ingiza shi. Ba a tanadi takin da zai maye gurbi ba, ba a horar da manoma ba, ba wata kasuwa ta musamman da ke jiran shinkafarsu. Noman shinkafa ya faɗi da aƙalla kashi 20, ƙasar da ke ciyar da kanta da ita ta koma saye daga waje, ganyen shayi da ke kawo musu dala shi ma ya ragu. Kafin ƙarshen shekarar aka janye dokar, amma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. A Yulin 2022 jama'a suka mamaye fadarsa ya tsere. Ba taki kaɗai ya kayar da shi ba, akwai bashi da durƙushewar yawon buɗe ido, amma taki ya ƙara wa wutar fetur. Jihar Sikkim ta Indiya, da ake yawan kafa hujja da ita, ta fara nata shirin a 2003 ta kammala a 2016, shekara 13 ke nan, kuma 'yar ƙaramar jiha ce a kan duwatsu wadda dama ba ta cika amfani da takin kamfani ba.

Wani abin da ke sa a yi hattara da alƙaluman Turai shi ne su daga sama suke saukowa. Gonarsu a ƙoshe take, in an janye taki sai amfani ya ragu. Tamu da yunwa take kwana. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006 kan batun taki, matsakaicin sinadaran taki da ake sa wa hekta a ƙasashen kudu da Sahara kilo 8 ne, suka yi alkawarin kai shi 50 kafin 2015, yawancinsu ba su kai ba. Gonar da ke cikin wannan hali, duk abin da ka ba ta za ta gode. A Kenya, a gwajin da aka fara a Chuka da Thika a 2007, masarar oganik da aka wadata da taki ta kamo ta takin kamfani a yawa, sai dai ta fi cin kuɗi, kuma ribarta ba ta wuce gaba ba sai da aka sa ƙarin farashi. An sake dawowa kan mai saye ke nan.

Ni dai abin da na gani ya fi barin kuɗi a hannun mai noman abinci a ƙasarmu shi ne haɗa biyun, kuma ba baƙon abu ba ne. Ƙauyukan da ke kewaye da Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin tumaki da awaki da ake kaiwa a mangala, da wake a tsakanin gero, harawa ta koma wa dabba, kashin dabba ya koma gona. A Maraɗi da Damagaram, sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a cikin gona, ya mayar da miliyoyin hekta kore tun daga shekarun 1980, gawo na zubar da ganye da damina yana ciyar da geron da ke ƙarƙashinsa. A yankin Tawa ana haƙa tassa a fako a zuba taki a rami, ƙasar da aka fid da rai da ita ta ba da dawa. Masu binciken ICRISAT, cibiyar nazarin amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, a Sadore kusa da Yamai kuma suka nuna cewa giram 6 na kamfa, cikin murfin kwalbar lemo, in aka sa a kowane rami lokacin shuka, yana ɗaga gero sosai. A hekta mai rami 10,000 kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da 'yan kai. Ƙasar jigawa rairayi ce, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke yuriya ya wuce da ita ƙasa da saiwa. Takin gida shi ke riƙe ruwa da abincin, shi ya sa buhu ɗaya a gonar da ta sha kashin shanu ya fi buhu ɗaya a gonar da ba ta sha ba. Wannan haɗin ba zai taɓa samun takardar oganik ba, amma dillalin Dawanau dama bai tambaya ba.

Kawu ya daɗe shiru yana kallon lissafin da na zana a ƙasa. Ya ce masarar nan ta bakin gari zai bar ta yadda ya saba, takin gida a ƙasa, yuriya buhu 2 a kai, kashi biyu, ɗaya bayan noman fari ɗaya kafin ta yi goyo. Gonar riɗi ta jeji kuwa dama ya yi shekaru bai fesa ta ba. In yaran nan sun dawo zai tambaye su wa zai saya, nawa zai ƙara a kan kuɗin kasuwa, zai rubuta ya sa hannu tun kafin shuka, kuma takardar da sunan wa za a yi ta.

Yana cikin faɗa amalanke ta ƙarshe ta iso. Ya zazzage aljihunsa a tafin hannu ya ƙirga, tsakuwa 14. Mai shanu ya ce shi 15 ya sani. Na bar su suna bin tsibin taki ɗaya bayan ɗaya suna sake ƙirgawa.